Waiwaye: Misirawa Sun Ɗaga Dutse, Mu Mun Wuce Sifawa

A 1964 aka soma yanka ɗakunan bauta na Abu Simbel, can kudancin Masar, gunduwa-gunduwa. Ruwan madatsar Aswan ne zai haɗiye su. Hukumar UNESCO ta yi yekuwa, ƙasashe suka kawo gudummawa, aka kwashe ginin Fir'auna Ramsis na Biyu, aka sake harhaɗa shi a kan tudu, mita 65 sama da mazauninsa na da. A 1968 aka gama. Yau har da jirgin sama ake kai masu yawon buɗe ido wurin, kuma a 2023 baƙi kusan miliyan 15 suka shiga Masar.

A wannan shekara ta 1964 ɗin ne Nijeriya ta ayyana kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, a matsayin kayan tarihi na ƙasa. A 2007 aka saka shi cikin wuraren da ake roƙon UNESCO ta karɓa. Har yau yana layin jira.

Amma bari mu bar Surame, mu dawo ƙofar gida. Wanda ya hau mota daga Lambara zuwa Sakkwato, ta ƙasar Boɗinga zai ratsa, kuma a nan Sifawa take. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa har 1815, yana karantarwa, yana rubutu. Yana nan ne, a 1812, ya raba ɗawainiyar daula: yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Shi Malam Abdullahi a Boɗinga ya sauka, don ya kasance kusa da yayansa. Ke nan, akwai lokacin da daga wannan ɗan yanki ake jan ragamar ƙasa guda. Yanzu fa? Direba ya rage gudu, wata ta miƙo hannu ta taga ta sayi ƙuli-ƙuli, yaron mota ya buga bodi, a wuce.

Za a ce ai na Misirawa dutse ne, namu kuwa ƙasa. Gaskiya ne. Dalar Giza ta yi shekara wajen 4,500 tana shan rana. Ginin tubali kuwa, damina uku ba yaɓe, sai katanga ta soma zubewa. To, wannan ai hujja ce a kanmu. Abin da ba ya jure sakaci shi ya fi buƙatar mai kula.

Kuma ba baƙi muka rasa ba. Tun rasuwar Shehu a 1817 ƙafa ba ta ɗauke daga kabarinsa na Hubbare ba. Ana zuwa daga Nijar, ana zuwa daga Adamawa. A Wurno ma ana ziyartar kabarin Bello. Abin da muka rasa shi ne mai cewa baƙo, "Malam, ga Sifawa can, mu je in nuna maka." A Masar jagorancin baƙi sana'a ce, ana karanta ta a jami'a, sai da lasisi ake yin ta.

Na san masu tsoron kada ziyara ta koma neman tabarruki da kabari, kuma tsoronsu ba wasa ba ne. Sai dai Masar, ƙasar Azhar, ita ce ke tsaron kayan Fir'auna, ba ta kuwa bar salla ba. Jagora mai ilmi shi ke hana jahili ɗibar ƙasar kabari.

Ga kuma garin Shagari, inda aka binne Shugaba Shehu Shagari a Disambar 2018. Tarihin jiya-jiya ne, waɗanda suka san shi suna raye.

Shugabannin ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, aikin bai kai ɗaga dutse ba. A kafa alluna da boko da ajami, a horar da matasa su zama jagorori da taimakon Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, a riƙa kai 'yan makarantar Lambara Sifawa ko sau ɗaya ne a shekara.