Hutun sanyi: Me ya hana mu kai yaranmu Agye da Gazawa?

Da zarar watan Disamba ya raba, shafukan Facebook da TikTok na 'yan uwanmu mazauna Faransa da Beljiyam da Jamus sai su cika da hotunan dusar ƙanƙara. Ga uba, ga uwa, ga yara, kowa ya naɗe kamar ƙunshin goro, ana zamiya a kan tsaunukan Alp. Ba laifi ba ne, wanda ya sha wahalar shekara yana da haƙƙin ya huta inda ya ga dama. Sai dai mu ma muna da lokacin sanyi, kuma a ganina shi ne lokaci mafi dacewa da mutumin Maraɗi zai ɗebi iyalinsa ya kai su gida, ko yana zaune a Yamai ne, ko Kano, ko Turai.

Waɗancan ƙauyukan na Alp da muke sha'awa a hoto, jiya-jiya talakawa ne. Kafin ƙarni na 20, idan ƙanƙara ta rufe gonaki a yankin Sabuwa na Faransa, maza sukan watse zuwa birane neman kuɗi, wasu talla, yara kuma sharar bututun hayaƙi, sai ƙanƙara ta narke su dawo. Cirani ke nan, ba shi da wani suna. Garin Shamoni da ke gindin dutsen Mon Bulan ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, daga baya lokacin da ya fi kowane wahala a wurinsu ya koma lokacin da iyalai ke tururuwa can. Ba ina cewa Turawa za su yi layi zuwa Gangara ko Cadakori ba. Baƙin da ƙauyukanmu ke buƙata 'ya'yansu ne da jikokinsu.

Yawancin 'yan ƙetare sun saba zuwa gida a Yuli da Agusta, saboda babban hutun makaranta. A duba abin da suke tararwa. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, duk mai ƙarfi yana gona tun asuba. Sauro ya yi yawa, kuma daga Agusta zuwa Oktoba ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara a jihar Maraɗi, balle yaron da aka haifa a Turai wanda jikinsa bai san cutar ba. Hanyoyin ƙauye sun jiƙe. Baƙo ya zo, an yi murna, amma a ɓoye ya zama nauyi, domin babu mai lokacin zama da shi. A ƙarshe sai a ƙare hutun a cikin birnin Maraɗi, yara na ɗaki da waya a hannu, a leƙa ƙauye yini guda a gaida tsofaffi a juyo.

A Disamba da Janairu kuwa an gama girbi, an ɗaure gero, an roro wake da gyaɗa. Da dare sanyi kan sauko zuwa wajen digiri 12 ko 13, wanda ga mai zuwa daga Turai wasa ne, ga wanda ya san zafin Afrilu kuma rahama ce. Titin ƙasa mai lamba 1 ya ratsa Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa kafin ya wuce Tasawa da Damagaram, saboda haka isa manyan garuruwan ba wuya, kuma hanyoyin da ke shiga ƙauyuka sun bushe. Lokacin ne ake yawan ɗaura aure, lokacin ne kasuwanni ke cika. Yankin Agye da Cadawa da Gazawa ya yi suna wajen noman aya. Yaron da ya san kunun aya a gora kawai zai ga yadda ake tono ta, a rairaye, a auna da tiya. A kwarin Gulbin Kaba ga goruba, ga mata na saƙar tabarma da igiya da kaba. A Gulbin Maraɗi ga lambuna sun fara kore. Da dare a hura wuta da kara, a gasa gyaɗa da dankali, kaka ta yi tatsuniya, 'yan mata na gaɗa, samari na langa. Duk wannan ba a sayen tikiti.

Ga kuma kokawa. Gasar takobin ƙasa da ake yi a wajajen ƙarshen shekara ta fara ne a Tawa a 1975, kuma ɗan Maraɗi, Yakuba Kantu, shi ya fara ɗaukar takobin. Kowa na bin ta a rediyo da talabijin, amma tushenta dandalin ƙauye ne bayan kaka. Yaron da ya ga an kayar da ƙato a gabansa, ƙura ta tashi, makaɗa sun ɗauka, ba zai manta ba.

Wanda ke son yaransa su ga tarihi ya kai su Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, inda Gobirawa suka kafa sabuwar fada bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Wanda ke son su ga abin alfahari na zamani ya kai su Ɗan Saga a gundumar Agye. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka rungumi sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski maimakon a sare a ƙone. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aikin tare da su, kuma an ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗan Saga na cikin ƙauyukan da masana daga ƙasashen waje ke zuwa gani. Abin kunya ne a ce Bature ya biya kuɗin jirgi ya zo, ɗan garin da ke karatu a Liyon bai taɓa jin labari ba. Kuma sanyi ne lokacin ganin gawo a cikin adonsa, tunda shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore.

Amma abin da ya fi damuna ba shaƙatawa ba ne, gona ce. Kudancin Maraɗi na cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa ke kallonta. Mata ne suka fara rasa rabonsu, sai waɗanda ba sa nan. Iyakokin gonaki da yawa ba a takarda suke ba, suna cikin kan tsofaffi: daga wancan gawon zuwa layin gamba, daga gamba zuwa tsohuwar rijiya. Ranar da tsohon ya faɗi, iyaka ta tafi da shi. Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai gari ya san irin shari'ar da ke biyo baya, da zumuncin da ke mutuwa a kanta. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo, har a matakin ƙauye, waɗanda ke iya ba da takardar shaida. Da damina ba mai lokacin zagaya gona da kai, kuma gero ya rufe ko'ina. Da sanyi fili a buɗe yake, maƙwabtan gona suna gari, tsoho na da lokaci. Mutum ya riƙo hannun ɗansa da 'yarsa, a taka iyaka ƙafa da ƙafa, a rubuta. Yini biyu sun isa, kuma sun fi kuɗin da ake turowa ta waya amfani nan da shekara ashirin.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Na farko tsaro. Tun 2019 gundumar Gidan Rumji ke karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. 'Yan bindiga na tsallako iyaka su kore dabbobi, su ɗauki mutane, kuma wanda aka ji ya zo daga Turai nama ne a idonsu. Ba zan ce wa kowa ya kwana da iyalinsa a ƙauyen bakin iyaka ba. A tambayi na gida kafin a taso, a bar tafiyar dare, a daina sanar da ranar zuwa a intanet, a bar shiga gari da jerin motoci. Inda na gida suka ce kada a zo, a ɗauko tsofaffin su zo Tsibiri ko Maraɗi a haɗu. Agye da Gazawa da ke kan titi sun fi sauƙi, amma ko can tambaya ba ta ɓata komai.

Na biyu, hutun Disamba gajere ne, tikitin jirgi kuma na tsada a lokacin. Haka ne. Ga na Yamai da Kano da Katsina wannan ba hujja ba ce, mota ce ta yini guda ko ƙasa da haka. Ga na Turai, ko shekara ɗaya cikin uku aka yi ya wadatar. Kuma azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, nan da 'yan shekaru ƙaramar Sallah za ta faɗo tsakiyar sanyi.

Na uku shi ne mafi ɗaci: lokacin da nake cewa a zo, lokacin ne samarin ƙauyen ke ɗaure jaka su tafi cirani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya. Mai zuwa a Janairu zai tarar da tsofaffi da mata da yara sun fi yawa. Wannan ma dalili ne na zuwa, domin su ne suka fi buƙatar ganin nasu, kuma a bakinsu Hausar da muke kukan yaranmu sun rasa take.

Sai a shirya wa ƙura. Iskar hunturu na fasa leɓe, tana tayar da tari da asma, kuma da rani ne sanƙarau ke yawo, saboda haka a duba katin rigakafin yara kafin a taso. Wutar jin ɗumi a cikin ɗaki ta sha cinye gidaje, a kula da ita. Batun tsaraba kuma, a rage turare da agogo. Rigunan sanyin da yaranku suka girme a Turai, waɗanda ke jibge a kabad, su ne abin da yaran Gangara za su sa su tafi makaranta da safe, tare da bargo ga tsofaffi da man shafawa na kaushi.