Murhu Ma Makaranta Ne

'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe, wanda daga cikinsa Malam Sambo Ɗan Ashafa ya fito ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, ya yi suna da karatun zaure, wato ɗalibi ya zauna gaban malami ya ɗauki ilimi baki da baki. Girki ma haka aka gaji koyonsa a wannan yanki, domin yarinya takan tashi a gindin murhu tana kallon mahaifiyarta ko kakarta, har hannunta ya san lokacin da talge ya isa a tuƙa, ba tare da an auna mata komai ba.

Wannan zaure na cikin gida shi ne matsalar tsaro ta tarwatsa. Iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Tsafe da Bungudu sun baro rumbu da turmi, sun tare a Gusau inda ake awon abinci da kwano, kuma 'ya'yansu na tasowa sun iya dafa taliya amma ba su san yadda ake gasa hoce ba. Asarar ta wuce ta al'ada, saboda tamowa, wato ciwon da ƙarancin abinci mai gina jiki ke jawo wa ƙananan yara, ta yi katutu a Zamfara, alhali gero da gyaɗa da waken suya, waɗanda ake soyawa a niƙa tare a dama kunun yaye mai ƙosarwa, duk a jihar ake noma su.

Don haka ya kamata koyar da girki ya fito fili, a makarantun Islamiyya da cibiyoyin mata na unguwanni, tsofaffin da suka ƙware su zama malamai ana biyansu, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata da ke Gusau kuma su taimaka ta fuskar tsafta da ma'auni. Kuskure ne babba a ware samari, tunda da yawansu sun rasa iyaye mata, wasu kuma almajirai ne da ke ci daga bara. Wanda ya iya jiƙa waken suya ya markaɗa, ya tace ya tafasa, ya zuba ruwan tsami har awara ta haɗe, ya matse ta a buhu ya yanka ya soya, ya samu abin ciyar da ƙannensa da kuma sana'ar da jarinta bai wuce kwanon wake da kwalbar mai ba.