Turakun Safiyo Da Amanar Ƙasa

Mai karatu, wataƙila ka taɓa cin karo da wani ɗan ginshiƙin siminti a kan tsauni ko a gefen hanya, da ƙarfe a tsakiyarsa da lamba a jikinsa, ka wuce ba ka kula ba. Wannan shi ne turken safiyo, kuma a kan irinsa ne taswirar ƙasa take tsaye.

Hikimar ita ce, ba a iya faɗin inda wani wuri yake sai an jingina shi da wani wurin da aka riga aka tabbatar. Masu awon ƙasa na zamanin Turawa sun auna tsawon layi guda da matuƙar kulawa, sannan suka riƙa auna kusurwoyi daga tsauni zuwa tsauni, suna kafa turke a kowace mahaɗa. A Nijeriya, tushen wannan lissafi shi ne turken da ake kira L40 a kusa da Minna, kuma daga gare shi tsofaffin taswirorinmu suka samo ma'auninsu.

Wani zai ce ai yanzu akwai GPS a kowace waya. Gaskiya ne, sai dai GPS yana aiki ne da ma'aunin WGS 84, wanda ya saɓa da na Minna da gomman mitoci. In babu turakun da za a daidaita ma'aunan biyu a kansu, filin da ke cikin tsohuwar takardar mallaka yana iya faɗawa gonar maƙwabci.

Darasin yana kusa da mu. Bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002 kan iyakar Nijeriya da Kamaru, takarda kaɗai ba ta wadatar ba. Sai da aka bi iyakar mai tsawon kimanin kilomita 2,000 ana kafa ginshiƙai.

Abin takaici, masu gina hanya da masu fasa duwatsu da masu zaton an binne dukiya a ƙarƙashin turakun suna ta tumɓuke su. Alhali kakanninmu sun san darajar gambar da ke raba gona da gona, kuma Musulunci ya la'anci mai gusar da alamar iyaka.

Ya kamata Ofishin Babban Safiyo na Tarayya da na jihohi su ƙidaya turakun da suka rage, su damƙa amanarsu ga dagatai da masu unguwanni, a kuma wajabta wa ɗan kwangila mayar da duk wanda ya rushe. Kuɗin buhun siminti bai kai na shari'ar shekara goma tsakanin 'yan'uwa ba.