Yara Sun Haƙa Rijiya, Wa Zai Gyara Famfo?

A majami'ar da nake yin sujada idan na je gida, malaman makarantar Lahadi sun jera asusu na ƙasa guda shida a bayan ɗaki, kowane aji da nasa. Yara suna jefa abin da suka rage daga kuɗin tara. Waɗansu sun yi tallan gyaɗa, wata yarinya kuwa kazarta ta sayar. Nufinsu a haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye da ke bayan dutse, inda mutane da shanu suke sha daga kududdufi ɗaya da rani. Da aka tashi sujada na ji wani dattijo yana cewa, "Wannan wasan yara ne. Ruwa ai aikin gwamnati ne." Wani ya amsa masa, "Ƙyale su, Baba. In sun gama sai mu yi bikin buɗewa mai kyau, mu gayyato manya." Dukansu biyu sun ɓata mini rai, amma na biyun ya fi, ko da yake shi a ganinsa goyon bayan yaran yake yi.

Bari in fara da na farkon. A shekara ta 1998, a wani ƙaramin gari mai suna Kemptville a ƙasar Kanada, wani yaro ɗan shekara shida, Ryan Hreljac, ya ji malamarsu tana cewa dala 70 za ta samar wa mutane rijiya a Afirka. Ya yi wata huɗu yana aikace-aikacen gida ana biyansa har ya haɗa kuɗin. Da ya kai, sai aka gaya masa dala 70 famfon kaɗai za ta saya, haƙa rijiyar kuwa dala 2,000 ce. Bai fasa ba. A 1999 aka haƙa rijiyar kusa da makarantar firamare ta Angolo a arewacin Yuganda, a 2001 kuma aka kafa gidauniya da sunansa. In wannan wasa ne, to, Allah ya ba mu masu irin wannan wasa da yawa.

Amma dattijon yana da gaskiya a abu ɗaya: ruwa hakki ne a wuyan gwamnati, kuma kada mu daina gaya mata haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mu naɗe hannu har ranar da za ta tuna da mu. Wanda yake da wannan ra'ayi ya tambayi Hausawan da suke fatauci a Libreville, babban birnin Gabon. Ruwan saman da ke sauka a can a shekara ya kai kusan ninki uku na abin da Kano take samu. Ƙasar tana da man fetur, mutanenta duka ba su kai miliyan uku ba. Duk da haka shekara da shekaru unguwanni da yawa na birnin suka yi ta fama da famfon da ba ya kawo ruwa, mutane suna bin layi da jarkoki. A 1997 gwamnati ta damƙa sha'anin ruwa da lantarki a hannun wani kamfanin Faransa, wanda aka sani daga baya da suna Veolia. A Fabrairu 2018 ta ƙwace, tana cewa aikin bai gamsar ba, kamfanin kuma yana cewa gwamnati ce ta ƙi biyan bashin da yake binta. In babban birni mai wannan arziki ya sha wannan wuya, yaushe layi zai zo kan ƙauyen bayan dutse, wanda ko mota ba ta shiga da damina?

Jiran kuwa ba kyauta ba ne. A 2021 cutar amai da gudawa ta ratsa Nijeriya. Fiye da mutum 100,000 ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 suka mutu. Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne suka fi jin jiki, kuma waɗanda cutar ta fi kamawa su ne 'yan shekara 5 zuwa 14, wato tsaran yaran nan masu asusu. Su sun gane wannan ba tare da an karanta musu lissafi ba.

To, yanzu ga dattijo na biyu, mai son biki.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa ƙirga famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu a gefen hanya tsakanin garinku da kasuwar da ke kusa? Gwada wata rana. Za ka ga hannun famfo ya sunkuya, ciyawa ta rufe daɓen siminti, awaki suna kwance a inuwar allon da aka rubuta sunan wanda ya ba da kuɗi da wanda ya yanke zare. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa a kowane lokaci tsakanin ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na irin waɗannan famfuna ba sa aiki. Sau da yawa ba ruwan ne ya ƙafe ba. Famfo inji ne, ana tuƙa shi daga asuba har dare. A can ƙasa akwai 'yar roba da take riƙe ruwa idan sanda ta ɗago, ita kuwa cinyewa take yi. Sarƙa tana tsinkewa, ƙusa tana kwancewa, bututun ƙarfe yana tsatsa. Robar nan ba ta kai kuɗin akuya ba. Amma ranar da ta cinye, babu wanda ya san yadda ake zaro sandunan, babu wanda aka ɗora wa alhakin kiran makanike, babu ko kwabo da aka ajiye domin wannan rana. Sai mata su ɗauki tulu su koma kududdufi. Mako guda ya zama wata, wata ya zama shekara.

Na san wani ƙauye inda aka yi haka. Ranar buɗewa an yi anko, an yanka sa, an ɗauko janareto da lasifika, ƙungiyar mawaƙa ta zo a mota biyu. Abin da aka kashe a ranar nan ɗaya da ya isa gyaran famfon shekaru da dama. Bai cika shekara biyu ba ya tsaya. Da na yi tambaya, dattawan ƙauye suka ce suna jiran waɗanda suka haƙa su zo su gyara kayansu. Kayansu! Ashe tun farko ba wanda ya gaya musu rijiyar tasu ce. Mun zo da kiɗa, mun tafi da hotuna.

Wannan shi ne laifin da nake tuhumarmu da shi, mu manya. Kuɗin yaro ba kamar na attajiri ba ne, gama shi abincin bakinsa ya bari. Idan muka karɓi wannan kuɗi muka binne shi a rami, muka kafa allo a kai, sa'an nan muka juya baya, mun ci amanarsa. Mun kuma koya masa mugun darasi, cewa bayarwa aikin banza ne. Yaron da ya ga rijiyarsa ta mutu, in ya girma shi ne zai tsaya a ƙofar majami'a yana cewa wasan yara ne.

Mun taɓa ganin yadda ake yin abu ya dawwama. Masu shekaru suna tuna kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. A ƙidayar da aka yi wajen 1988 an sami fiye da mutum 650,000 da suke ɗauke da shi a Nijeriya. Cibiyar Carter ta sa hannu, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka, an ga mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008, a Disamba 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Ba bikin rana ɗaya ne ya kashe shi ba. Ƙyallen tace ruwa ne a bakin kowace randa, da 'yan sa kai na ƙauye da suke bi gida gida wata bayan wata, shekara ashirin.

Saboda haka kafin a fasa asusun nan, ina roƙon majalisar dattawa ta zauna da mutanen ƙauyen tukuna. A zaɓi samari biyu daga cikinsu a tura su wurin makanike su koyi zaro sanda da canja roba, a saya musu sifana da kayan aiki. Kowane gida ya riƙa ba da ɗan abu a wata, ko mudun hatsi da kaka. A ba mata ajiyar akwatin, gama su ne wuyansu yake ɗaukar tulu, su kuma zumuntar mata ba su taɓa rasa lissafin kuɗinsu ba, abin da ba zan iya faɗa a kan waɗansu kwamitocinmu na maza ba. Kuɗin sa da anko a zuba shi a akwatin gyara. Kada kuma a sa wa famfon kwado domin a hana maƙwabci Musulmi ko Bafulatanin da ya biyo da garkensa. Yaran ba su tambayi addinin masu shan kududdufi ba sa'ad da suke jefa kuɗinsu, kuma wanda yake sha shi ma sai ya ba da nasa na gyara.

Na gaya wa dattijo na biyu wannan duka a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce in ba a yi biki ba, wa zai san mu muka yi? Yarinyar da ta sayar da kazarta tana tsaye kusa da mu tana jiran mahaifiyarta. Ban sani ba ko ta ji.