Haƙuri A Tokyo, Garaje A Niyu Yok

A wajejen shekarar 1890 Gwamnatin ƙasar Japan ta sa waɗansu filayen soja a kasuwa a tsakiyar birnin Tokyo, domin tana bukatar kuɗin gina sababbin barikoki a wani wuri. Filayen suna unguwar Marunouchi, daf da fadar Sarkin Japan, da kuma wani yanki da ba shi da nisa da ita, faɗinsu duka kimanin hekta 35. Attajirai suka ja da baya saboda tsada, sai Iwasaki Yanosuke, shugaban kamfanin Mitsubishi, ya biya yen miliyan 1 da dubu 280 ya karɓe su gaba ɗaya. Wurin ya daɗe ba kome a cikinsa sai ciyawa, har mutanen gari suka riƙa kiransa dajin Mitsubishi.

Daga wannan daji ne kamfanin Mitsubishi Estate ya samo asali, wanda a yau yana cikin manyan kamfanonin gine-gine na Japan. Tarihinsa kuwa ya isa shaida cewa aiki da haƙuri su ne ke sa fili ya yi daraja, kuma duk wanda ya sayi fili don kawai ya ga ana rububinsa, to, ya shirya wa hasara ko da dukiyarsa ta kai ina.

Masu kamfanin ba su yanka filin sun sayar ba. A shekarar 1894 suka kammala gininsu na farko na ofisoshi, na jan bulo, wanda wani Baturen Ingila, Josiah Conder, ya tsara. Waɗansu irinsa suka biyo baya a jere, har aka riƙa kwatanta titin da birnin Landan. Sai a 1914, wato bayan shekara 24 da sayen filin, aka buɗe babbar tashar jirgin ƙasa ta Tokyo a gefensa, daga nan bankuna da manyan kamfanoni suka yi ta neman wurin zama a unguwar. A 1937 aka ware sashen gine-gine ya zama kamfani mai cin gashin kansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Amurkawa suka rarraba manyan kamfanonin Japan, an raba dukiyarsa, amma a 1953 ta sake haɗuwa wuri guda.

Sana'ar kamfanin a Marunouchi ba ta da wuyar fahimta: ya riƙe ƙasa, ya yi gini, ya ba da haya, in ginin ya tsufa ya rushe shi ya tayar da wanda ya fi shi. Haka ya yi da Ginin Marunouchi na 1923, wanda ya sake buɗe shi sabo a 2002 bayan ya mayar da shi dogon bene. Har yanzu yana da gine-gine kimanin 30 a wannan yanki, kuma kuɗin hayarsu shi ne ginshiƙin arzikinsa.

To, amma kamfanin da ya iya wannan haƙuri shi ne kuma ya yi garaje a 1989. A lokacin nan bashi ya yi araha a Japan, farashin filaye yana ta hauhawa, kamfanonin ƙasar suna ta sayen kadarori a Amurka. Mitsubishi Estate ya biya dala miliyan 846 ya sayi kashi 51 cikin ɗari na kamfanin da ke da Rockefeller Center, shahararrun benayen nan na birnin Niyu Yok, daga baya ya ƙara har kashi 80. Lissafinsa shi ne kuɗin haya zai ci gaba da tashi, alhali kuwa akwai bashin dala biliyan 1 da miliyan 300 a kan benayen. Hayar ofisoshi ta faɗi, abin da ake tarawa ya kasa biyan ruwan bashin, kuma a gida ma kasuwar filaye ta rushe. A 1995 aka kai maganar kotun masu karayar arziki, kamfanin ya saki mafi yawan benayen bayan ya tafka babbar hasara. Sauri ya haifi nawa.

Wani zai ce ai sa'a ce kurum Iwasaki ya taka, tun da ba shi ya gina tashar jirgi ba, ba shi kuma ya ajiye fada da ma'aikatun Gwamnati kusa da filinsa ba. Akwai gaskiya a wannan magana, don kuwa kuɗin jama'a sun taimaka ƙwarai wajen ɗaga darajar Marunouchi, kuma wannan dalili ne da zai sa kowace Gwamnati ta yi taka-tsantsan kafin ta sayar wa mutum ɗaya filin jama'a. Amma sa'ar ta sami wanda ya riga ya yi shiri. Da an yanka filin tun farko an sayar wa 'yan kasuwa, da ranar da jirgi ya iso ribar ta tafi hannun wasu. A Niyu Yok kuwa kamfanin ya sayi abin da wasu suka riga suka gina, a ranar da ya fi tsada, a kasuwar da bai san halinta ba.

Saboda haka mai karatu da ya tara ɗan abin hannunsa da gumin goshi, aka kuma zo masa da labarin wani fili da kowa ke sayensa, ya kamata ya fara tambayar kansa abubuwa uku: me zai gina a wurin, wa zai biya shi haya, kuma shekara nawa zai iya jira ba tare da mai bin bashi ya tsaya masa a ƙofa ba? Kamfanin da ya amsa waɗannan tambayoyi a 1890 yana cin moriyar amsar har gobe, da ya tsallake su a 1989 kuwa shekara shida kawai ya yi ya saki abin da ya saya.