Kar a sayar da ƙararrawar majami'a a kilo

Jama'ar Cadakori da kewaye,

Mu da muka tashi tsakanin nan da Tsibiri mun san ƙarar ƙarfen nan na safiyar Lahadi. A ƙauyuka da dama ba wata ƙararrawar Turai ba ce, tsohon ƙarfen ƙafar mota ne aka rataya a icce, yaro ya buga. Musulmi da Kirista duk mun ji shi. Yanzu lasifika ta shigo, an yasar da shi bayan ɗaki, ga masu sayen ƙarfe a kilo suna ta zagayawa.

To, wa ya kawo shi? Wane kafinta ya yi bencinan? Gangar da mata ke waƙa da ita, wa ya ɗaura mata fata? Tsofaffi kaɗai suka sani, kuma suna ta tafiya.

Abin fa ya daɗe. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, ba da jimawa ba suka iso Tsibiri. Mun kuma ga abin da ya faru a Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Wuta ba ta tambayar shekarun benci.

Wani zai ce ai ƙarfe ne kawai. Allon kakanka ma icce ne, amma ka taɓa sa shi a murhu?

Matasa masu salula, ku zauna da tsofaffin nan, ku naɗi muryarsu, ku ɗauki hoton kayan, a rubuta a littafi. Fastoci da dattawa kuma, don Allah a adana ƙarfen. Tarihin garinmu ne gaba ɗaya.