Alƙalami da Takobi: Tsokaci a kan Fim ɗin Mishima na Paul Schrader

Ranar 25 ga Nuwamba, 1970, marubucin nan na Japan, Yukio Mishima, ya shiga barikin soja na Ichigaya da ke Tokyo tare da matasa huɗu na ƙungiyarsa ta Tatenokai. Suka ɗaure kwamanda, shi kuma ya fito baranda yana kiran sojoji su yi bore don maido da martabar Sarkin Japan. Sojojin suka yi masa ihu. Ya koma ciki ya farke cikinsa bisa al'adar mayaƙan samurai.

A kan wannan rana Paul Schrader ya gina fim ɗinsa na 1985, inda Ken Ogata ya fito a matsayin Mishima. Daraktan ya kauce wa tsarin da aka saba na jero rayuwa daga haihuwa zuwa kabari. Ya kasa fim ɗin babi huɗu, ya saƙa zare uku a cikinsu: ranar ƙarshe cikin launi na zahiri, ƙuruciya cikin baƙi da fari, sai gutsattsarin littattafansa uku a kan dandamali mai ƙyalli da Eiko Ishioka ta tsara. Ɗaya daga cikinsu shi ne Kinkakuji na 1956, labarin almajirin haikali mai i'ina da ya banka wa haikalin zinariya na Kyoto wuta saboda kyawunsa ya addabe shi.

Ga manazarcin adabi, dabarar abar yabo ce, domin ta nuna cewa Mishima ya daɗe yana gwajin mutuwarsa a jikin taurarin labaransa kafin ya aikata ta. Sai dai a nan ne kuma raunin yake. Kiɗan Philip Glass da ƙawar hotuna suna jan mai kallo ya karɓi fassarar da Mishima ya yi wa kansa, wato mutuwa ita ce cikamakin fasaha. Aƙidarsa ta kishin ƙasa mai zafi kuwa, an taɓa ta ne sama-sama, haka ma Masakatsu Morita, matashin da ya bi shi lahira a wannan ɗaki.

A ganina, duk mai rubuta tarihin marubuci yana da damar shiga ta ƙofar ayyukansa, amma bai kamata ya miƙa masa alƙalamin hukunci ba. Schrader ya nuna ihun sojojin, ya kuma bar kiɗa ya rufe shi. Aikin mai nazari ne ya sake kasa kunne ga wannan ihu.